Hancin Ɗantala da Ƙanzon Japan

Yanzu ni nake dafa wa ɗakinmu abinci a unguwar Mu'aither da ke Doha, kuma har gobe ban yafe wa wanda ya kawo shawarar ba. Duk 'yan Arewa ne a ɗakin, direbobi da masu gadi, kuma babu ranar da zan ɗora shinkafa ba ta kama ba. In Zulkiflu, mai gadon da ke ƙasan nawa, ya ɗaga murfi ya yamutsa fuska, sai in ce ya yi mini shiru, girkin Japan ne, shi ne bai waye ba. Ba mai dariya. Sun san inda na samo maganar, sun kuma san wanda ya saba tsayawa a gaban tukunyar nan ba ni Suraj ba ne, Ɗantala ne.

Sunansa na yanka Ayuba, sunan kakansa na wajen uba, don haka mahaifiyarsa ba ta iya faɗa. Ranar Talata aka haife shi, ta ce Ɗantala, sunan ya bi shi har Doha. Mutumin Funtuwa ne, siriri, marar hayaniya, irin mutanen da za ka yi wata kana zaune da su ba ka san muryarsu tana iya tashi ba. Mahaifiyarsa, Inna Barira, shinkafa da wake take sayarwa a wata rumfa a bakin tasha tun kafin a haife shi. A gindin tukwanenta ya yi rarrafe, a nan ya tashi. Boko bai yi nisa ba. Yakan ce ladan aikinsa yana yaro ƙanzo ne: in ciniki ya ƙare, Inna ta kankaro ƙasan tukunya, ta ɗiga masa mai, ta barbaɗa yaji, ya koma bayan rumfa ya ci shi kaɗai.

Abin da Allah ya ba shi kuwa hanci ne. Kicin ɗinmu yana can ƙarshen baranda, amma Ɗantala yana kwance a gadonsa zai ce a je a rage wuta, ruwan shinkafa ya tsotse. A je a duba, haka ne. In ka shigo ɗaki zai gaya maka abin da ka ci a waje, da wanda ka ɓoye ba ka so a sani. Ni ya fi wulaƙantawa. Na taɓa sayen turare a wani lungu, na fesa na shigo ina taƙama cewa wani Balarabe ne ya ba ni kyauta. Ko ɗago kai bai yi ba ya faɗi shagon da na saya, ya ce kuma sun haɗa mini da ruwa. Kwana biyu ban yi masa magana ba, amma abincinsa ban fasa ci ba.

Gadi yake yi a ƙofar wani dogon bene a unguwar Al Mirqab, a tsaye cikin kaki tun safe. Bai taɓa ɓoye wa kowa abin da ya kawo shi ba. So yake ya ta da rumfar Inna da bulo, ya yi mata rufin kwano, ya sa benci masu kyau, sannan ya koma ya karɓi muciya a hannunta ta huta. Mu sauran kullum burinmu canzawa yake, yau mota, gobe fili, jibi aure. Shi nasa ɗaya ne, kuma yana ta aikawa ana ginin a hankali. Inna ita ma duk wanda zai taho daga gida sai ta ba shi ƙullin yaji da daddawa ya kawo masa. Da ya kwance ƙullin zai kira ta ya ce ta ƙara citta wannan karon, ko ta rage masoro, ita kuma ta yi ta dariya tana sa masa albarka.

Sai korona ta zo. Aka ba shi abin auna zafi yana ɗora wa mutane a goshi, yana duba wayar kowa ya ga ko manhajar lafiya ta nuna kore kafin ya bari a shiga. Yana cikin duba na mutane tasa ta koma ja. Motar asibiti ta zo ta ɗauke shi, mu kuma aka kulle mu a ɗaki muna cin burodi da shayi muna zargin juna da tari. Da ya dawo ya rame, amma da ƙafarsa. Muka yi hamdala, ni har da cewa Allah ya dawo mana da tukunya lafiya.

Ba mu gane komai ba sai ranar da baranda ta cika da hayaƙi. 'Yan Nepal na ɗakin kusa suka fito suna tari, na ruga kicin, na tarar da Ɗantala zaune a kan bokiti ya ba tukunya baya yana latsa waya, shinkafa kuwa ta zama gawayi. Na buɗe baki na fara, don ni in raina ya ɓaci ba na duba fuskar mutum. Na ce ko barci yake da ido buɗe, na ce abincin mutum nawa ya ƙona, na ce wasu abubuwan da ba zan maimaita ba. Ya bar ni na gama, sannan ya ce a hankali:

"Ban ji ba, Suraj. Tun da na dawo ba na jin komai."

Nan na naɗa kaina likita. Wallahi babu abin da ban ɗura wa bawan Allah nan ba. Tafarnuwa, citta, kanumfari, man habbatussauda a kowace ƙofar hanci safe da yamma. Na sa shi ya lulluɓa da bargo a kan ruwan zafi da na zuba wa man zafi har idonsa ya yi ja. Na kai shi kasuwar Souq Waqif wajen masu turaren wuta, muka bi shago shago ana banka masa hayaƙi, masu shagon suna zaton attajirai ne, har suka gane suka daina kula mu. Na tura masa daddawar Inna a hanci. Da komai ya ƙi, wata rana na dawo daga aiki na cire safata na miƙa masa, na ce in wannan ba ta tashe shi ba to sai dai addu'a. Ɗakin ya watse, kowa ya yi waje, shi kuwa yana riƙe da ita yana kallona. Likitan gaske da ya gani ya ce masa wasu yana dawo musu, wasu kuma shiru, sai haƙuri.

Bai daina yi mana girki ba, amma ya koma yi da ido da agogon waya, yana tsaye a kan tukunya kamar mai jiran ta gudu. Abincin yana ciwuwa. Sai dai duk mun san ba shi ba ne.

Abin da ya fi cin ransa Inna ce. Yanar ido ta fara rufe mata gani, kullum Juma'a in sun yi waya sai ta tambaye shi yaushe zai taho, gini ai ya ƙare. Shi kuma bai gaya mata ba. Da farko ya ce babu jirgi, kuma gaskiya ne. Da jirage suka dawo ya ce kamfani ya hana hutu. Daga baya ya ce ana shirin Kofin Duniya, ba a sakin masu gadi. In ƙullin yaji ya iso, sai ya kira ya ce ya yi daɗi kamar kullum, mu ma mu karɓi wayar mu yi godiya. Ni na fi kowa zaƙewa, nakan ce mata duk Najeriya babu hannu irin nata. Na taɓa matsa masa ya faɗa mata gaskiya kawai, ya ce ban gane ba ne. Inna ba ta taɓa auna komai ba, da hanci ta koya masa sana'ar, da shi ake sanin wake ya nuna, da shi ake sanin mai ya juya. Ya ce in ya je a haka me zai yi mata, gadin rumfar?

Ana saura kaɗan a fara ƙwallo Inna ta ƙone hannu, ta laluba murfi ta kama gefen tukunya. Ranar ta yi masa magana ɗaya. Ta ce in an gama ƙwallon nan bai zo ba, za ta bar wa wata maƙwabciyarta rumfar, matar ta daɗe tana nema, ita ta gaji. A daidai lokacin kuma kwantiraginsa yake ƙarewa, kamfani yana tambaya ko zai sabunta. Ya ce mini khalas, wato magana ta ƙare, sabuntawa zai yi. Gara rumfar ta tafi hannun mai hanci.

Ni a lokacin ƙwallo kamfaninmu ya haɗa ni da wani dattijo ɗan Japan, in kai shi filin wasa in dawo da shi masauki. Sunansa ya ƙi zama a bakina, na sa masa Baba Japan, yana amsawa. Ɗan tsurut ne, kansa fari fat, in an tashi wasa sai na yi ta jiransa don yana can da jakar leda yana tsince shara tare da 'yan ƙasarsu. Turancinsa da nawa duk guragu ne, sai mu haɗa da waya tana yi mana tafinta. Da aka fitar da ƙasarsu a bugun fenariti na mayar da shi masauki. Washegari ya ce kafin ya koma gida yana so ya ciyar da ni abincin garinsu da rana, in zo da aboki ɗaya.

Kada wani ya ɗauka tausayi ne ya sa na zaɓi Ɗantala. Na ji labarin mutanen nan ɗanyen kifi suke ci, kuma ba na so in kunyata dattijo. Na yi lissafi na ga a duk Doha babu wanda ya dace ya zauna kusa da ni kamar mutumin da ba ya jin wari, duk abin da ya fi ƙarfina in tura masa. A mota na yi masa huɗuba. Na ce na san mutanen nan ciki da waje, ya zuba mini ido kawai, abin da na yi shi zai yi.

Gidan abincin yana Al Mirqab, ba nisa da benen da Ɗantala yake gadi, ya ce kullum yana hango ƙofar bai taɓa tunanin zai shiga ba. Ciki shiru, katako ko'ina, mutane suna magana ƙasa ƙasa kamar gidan gaisuwa. Na fara da tambayar ma'aikacin, wani ɗan Filifin, ko akwai alade ko giya a ciki, ya ce babu, komai halal ne. Baba Japan ya yi mana oda, ya ce sunan abincin kamameshi, wayar ta ce shinkafar tukunya. Na ce wa Ɗantala ya gani, shinkafa ce ma, mun tsira.

Aka kawo wa kowa tire. A kai akwai 'yar tukunyar ƙarfe zaune cikin katako, da murfin katako mai kauri, wuta tana ci a ƙarƙashinta. Gefe ga 'yar mara ta katako, ga tsinkaye biyu, ga kwano babu komai a ciki, ga kuma 'yar buta. To ni ɗan Hausa ne. In aka ajiye mini buta da kwano kafin abinci, na san abin da ake nufi. Na naɗe hannun riga, na ce wa Ɗantala ya ga tarbiyya, har ruwan ɗumi suka kawo, na tara hannu a kan kwano na tsiyaya. Romo ne. Romon kifi, da zafinsa. Na cije leɓe na ci gaba da murza yatsu, don na riga na fara kuma mutane suna kallo. Ɗantala har ya miƙo nasa hannun, Baba Japan ya yi sauri ya dafe butarsa. Dattijon bai yi dariya ba, ya dai sunkuyar da kai yana ta gyara tsinkayensa da ba su karkace ba, sannan ya roƙi ma'aikacin ya kawo wata butar.

Daga nan raina ya riga ya ɓaci, neman wanda zan sauke wa kawai nake. Na fara gunaguni da Hausa. Na ce a ina aka taɓa kawo wa baƙo abinci a tukunya, ko a ƙauye ai sai an juye a kwano. Na ce mu a gida yara ake bar wa tukunya, har ana cewa wanda ya ci a ciki ruwa zai tashi bikinsa, ni kuma ko auren ban yi ba. Na ce ka biya kuɗi kuma a kawo maka ɗanya ka zauna gadinta. Muna zaune, wuta tana ci, murfi a rufe, tururi yana fita ta gefe. Can sai ya ɗago kai, ya miƙa hannu wajen tukunyarsa, ya ce:

"Ta kama. A sauke."

Ma'aikacin ya matso da sauri ya ce a'a, a bari wutar ta mutu da kanta, haka ake yi. Ai kuwa na samu abin da nake nema. Na ce masa wannan da yake gani a gindin tukunya aka haife shi, in ya ce ta kama to ta kama. Da wutar ta mutu aka ɗaga murfi, ga shinkafa ta yi kyau da naman kaza da karas a sama, har da laimar kwaɗi, wadda na ture gefe don Ɗantala. Ban tsaya ci ba, na kafa mara har ƙasa na ɓamɓaro. Ƙanzo ne, ja wur. Na miƙe tsaye na ɗaga shi sama. Na ce a kira manaja. Na ce don an ga mu baƙaƙe ne direbobi shi ya sa aka ba mu ƙonanne. Na leƙa tukunyar Baba Japan na tona, na ga tasa ma haka take, sai na ƙara hawa, na ce har da tsoho, baƙon ƙasa, wanda aka fitar da ƙasarsa jiya jiya, ba su ji tausayinsa ba.

Dattijon ya kama gefen rigata ya zaunar da ni. Ya daɗe yana magana a wayarsa, sannan ya juyo mana da ita. Wayar ta ce wannan na ƙasan shi ne abin da ake nema, don shi ake dafawa a wannan tukunyar, har suna gare shi, okoge. Ta ce suna yara faɗa suke yi a kansa, mahaifiyarsa takan ɓoye masa nasa in ya makara a makaranta. Ya kankaro na tukunyarsa a hankali, bai ba ni ba, ya zuba a kwanon Ɗantala. A garinmu ka ba baƙo ƙanzo ai ka zage shi, amma Ɗantala hannu biyu ya sa ya karɓa. Sannan dattijon ya nuna mana aikin butar: in an ci rabi, sai a zuba romon a kan sauran a sha. Jiƙaƙƙen ƙanzo dai, irin wanda kakata take karyawa da shi, shi ne na yi wa wankan hannu.

Na ci abincina, kuma don Allah yana da daɗi, har laimar kwaɗin na dawo da ita na cinye. Ɗantala kuwa bai ci sosai ba. Ya riƙe kwanon kusa da fuskarsa, ido a ƙasa. Na ɗauka kunyar abin da na yi ce ta hana shi, har na ji haushinsa, na ce a raina shi ma ai ya miƙo hannu.

Mun sauke Baba Japan a masauki, ya yi ta sunkuya mana muna sunkuya masa. Muka kama hanyar Mu'aither ina ta ƙorafi, ina cewa laifinsu ne da ba sa rubuta wa buta suna. Sai da muka tsaya a wata danja maganar ta faɗo mini, kamar an ɗora mini bulo a ƙirji. Na juya na dube shi.

"Ɗantala. Murfin nan fa a rufe yake."

"A rufe yake," in ji shi.

Ya buɗe tafin hannunsa, ashe ya naɗo guntun ƙanzon a takarda. Na rikice, na tura masa hannuna mai ƙarnin kifi a hanci, ya ce bai ji ba. Na fesa turaren mota, bai ji ba. Ya ce naman bai ji ba, romon bai ji ba, ƙaurin nan kaɗai ne ya shigo, shi ma siriri, daga nesa. Ya ce bai ma san ya yi magana ba sai da ya ji muryarsa. Na ce to alhamdulillahi, mu jira sauran su biyo baya sannan ya gaya wa Inna. Ya girgiza kai, ya ce ƙaurin da ya ji rumfarta ya kai shi, ba zai iya ƙara yi mata ƙarya ba ko ta kwana ɗaya. Ya ciro waya ya kira, ya sa a bayyane ina ji.

Ta ɗauka, muna jin hayaniyar tasha a bayanta. Ya gaishe ta, ya tambayi hannu, sannan ya faɗa mata duka, tun daga korona har yau. Ya ce hancinsa ya mutu, shi ya sa bai zo ba, ba jirgi ba ne, ba kamfani ba ne. Sai ta ce ai ta sani. Ta ce tun bara ta daina daka yaji, ba ta ganin abin da take zubawa, na kasuwa take saya ta ƙulla ta aiko, shi kuma ya kira ya ce ya yi daɗi kamar kullum. Ta ce har da wannan abokin nasa mai surutu da ke cewa babu hannu irin nata. Na dubi titi.

"To me ya sa ba ki faɗa ba, Inna?"

"Jira nake ka faɗa da bakinka," in ji ta. "Ni na ce ka zo ka shinshina mini ne? Hanci ina da shi, Ɗantala. Ido nake nema."

Ya kifa goshinsa a kan gwiwa, takardar ƙanzon tana dunƙule a hannunsa. Da ƙyar ya ce mata yana zuwa, ba zai sabunta ba, ta ce wa maƙwabciyar ta yi haƙuri. Danja ta ba da hannu tun ɗazu, na baya suna ta danna mini hon, wani har ya leƙo yana cewa yalla, wato in yi gaba. Tun da na fara tuƙi a Doha ba a taɓa yi mini hon ban rama ba sai ranar.